Adadi mai lambobi miliyan 41: wa ya ƙirga, kuma yaya aka san ba ya rabuwa?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina sana'ar POS a Agege. Kwanan baya musu ya kaure a rumfarmu, bayan wani yaro ɗan sakandare ya karanto mana a waya cewa an gano wani adadi mai lambobi sama da miliyan 41, wai kuma babu abin da ke raba shi ba saura sai ɗaya da shi kansa. Wasu suka ce zuƙi-ta-malle ce kawai, wa ya zauna ya ƙirga, wa kuma ya gwada rabawar? Wani kuma ya rantse da shi bankuna ke kulle kuɗin mutane. Don Allah a warware mana.

Amsa: Barka kadai ɗan'uwa, Allah ya ba da kasuwa. Yaron bai yi muku ƙarya ba. Masu cewa babu wanda ya zauna ya ƙirga su ma sun faɗi gaskiya, sai dai ba inda suka nufa ba: babu wanda ya ƙirga domin ba a buƙatar ƙirgar. Mai maganar banki ne kaɗai zai yi kaffarar rantsuwa.

Ga yadda ake gina adadin. Ka ɗauki 2 ka ninka da 2, ka sami 4, ka sake ninkawa da 2 ka sami 8, ka yi ta yi har sai 2 ta shiga lissafin sau 136,279,841. Abin da ka samu ka ɗebe 1 daga ciki. Shi ke nan. A taƙaice ana rubuta shi 2^136,279,841 − 1. Wanda ya gano shi wani Ba'amurke ne, Luke Durant, tsohon ma'aikacin kamfanin NVIDIA da ke zaune a San Jose ta jihar Kalifoniya, a ƙarƙashin GIMPS, shirin sa-kai na farautar irin waɗannan adadai da kwamfutoci, wanda George Woltman ya kafa a 1996. Wata na'ura a birnin Dublin ce ta fara nuna alama ranar 11 ga Oktoba, 2024, washegari wata a San Antonio ta jihar Texas ta tabbatar, aka sanar wa duniya ranar 21 ga watan. Adadin da yake riƙe da kambun girma kafinsa an gano shi ne a Disambar 2018, yana da lambobi 24,862,048.

Duk abin da zan faɗa daga nan ya rataya ne a kan wannan ginin nasa. Adadi mai lambobi miliyan 41 da aka tsinto a hanya ba shi da wani labari da zai ba ka sai ka karanta shi. Wannan kuwa an san uwarsa an san ubansa, 2 ce aka yi ta ninkawa, don haka da biro da bayan rasit ɗin POS za ka iya fitar da abubuwa da yawa game da shi ba tare da ka taɓa ganin sa ba.

Mu fara da yawan lambobinsa. Idan ka ninka 2 sau goma za ka sami 1,024, wato dubu da ɗan ɗori. Ma'ana kowace ninkawa goma tana ƙara wa adadin kamar lambobi uku. To ninkawa 136,279,841 za ta ba da kimanin miliyan 40.9. Wannan ƙiyasi ya ɗan gaza, saboda 24 ɗin nan da ke kan dubu tana taruwa a hankali. Ainihin abin da kowace ninkawa ɗaya ke ƙarawa ba 0.3 ba ne cif, 0.30102999566 ne, abin da ɗalibai ke nema a teburin logaridim ko a kalkuletar waya idan an kwantar da ita. Ka ninka shi da 136,279,841, za ka ga 41,024,319.94 da 'yan kai. Sai ka cike zuwa cikakken adadin da ke gaba, domin 100 ma sifili biyu gare ta amma lambobinta uku. Amsa ita ce lambobi 41,024,320, daidai da abin da aka sanar. Ɗebe 1 ɗin nan ba ya rage yawan lambobin, domin hakan ba ya faruwa sai ga adadi irin 1,000 ko 10,000, kuma ninkin 2 zalla ba ya taɓa ƙarewa da sifili.

Ɓurɓushin da ya rage a bayan ɗigo, wato .945, shi ma ba shara ba ne. Shi ke faɗa maka da me adadin ya fara. Ka tambayi kalkuleta 10^0.945, za ta ce maka 8.81. Adadin kuwa da 8816943 ya fara.

Idan ana son a ji girmansa a jiki: a ce kowace lamba ta ci rabin santimita a takarda, a jera su layi ɗaya, layin zai kai kilomita 205. Babban titin Legas zuwa Ibadan bai cika kilomita 130 ba, ka ga sai ka wuce Ibadan da tafiya mai nisa kana bin lambobi. Amma a cikin waya megabait 41 kacal zai ci, kowace lamba bait ɗaya. Ana iya sauke shi, kuma mutane suna saukewa, sai dai ban ga abin da mutum zai ƙaru da shi ba don ya zura wa lambobi ido.

Wutsiyar adadin ta fi kansa sauƙin kamawa. Dubi ƙarshen ninkin 2: 2, 4, 8, 16, 32, 64, 128, 256. Lambar ƙarshe tana zagaye ne: 2, 4, 8, 6, sai ta dawo 2, 4, 8, 6, har abada. Zagayen mataki huɗu ne. Saboda haka abin tambaya kawai shi ne, idan aka raba 136,279,841 da 4, nawa ne saura? Lambobi biyu na ƙarshe sun isa: 41 a raba da 4, saura 1. Muna kan matakin farko na zagayen ke nan, wato 2. A ɗebe 1, adadin ya ƙare da 1. Lambobi uku na ƙarshe su ma suna zagaye, nasu mataki ɗari ne, don haka za su yi daidai da na 2^41, wanda yake 2,199,023,255,552. Ƙarshensa 552, a ɗebe 1, ya zama 551. Wanda ya sauke fayil ɗin ya gangara ƙasa, 551 zai tarar.

Wannan shi ake kira lissafin saura, kuma ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya san cewa yaron da aka haifa ranar Talata ranar Talata za a raɗa masa suna, ya san cewa kwana bakwai saurarsa sifili ce. Bari mu yi wa ƙaton adadin irin wannan tambaya: idan yau Juma'a, aka ƙirga kwanaki yawan wannan adadin, wace rana za a faɗa? A raba ninkin 2 da 7 a dubi saura: 2 saura 2, 4 saura 4, 8 saura 1, 16 saura 2, 32 saura 4, 64 saura 1. Zagayen mataki uku ne. A raba 136,279,841 da 3: ka tara lambobinsa, 1+3+6+2+7+9+8+4+1, ka sami 41, saura 2 ke nan. Mataki na biyu a zagayen shi ne 4, a ɗebe 1, saura 3. Kwana uku bayan Juma'a Litinin ce. A hanya kuma mun tabbatar, ba tare da wata na'ura ba, cewa 7 ba ta raba adadin. Haka za ka yi da 3 ka ga saura 1, ka yi da 9 ka ga saura 4. Na 9 ɗin yana da daɗi: yana nufin da wani zai tara lambobin nan miliyan 41 gaba ɗaya, ya sake tara lambobin amsar, ya yi ta yi har ta koma lamba ɗaya tilo, 4 zai samu.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Mun nuna 3 da 7 da 9 ba su raba shi. To sauran fa? Hanyar da aka koya mana a firamare ita ce a yi ta gwadawa ɗaya bayan ɗaya. Don ka san ko 97 tana rabuwa, ka gwada 2, 3, 5, 7, ka tsaya, domin 10 sau 10 ta riga ta wuce 97, kuma in da akwai babban mai raba ta, da abokin ninkinsa ƙarami ya riga ya bayyana. A ƙaton adadinmu, inda za a tsaya ɗin shi kansa adadi ne mai lambobi sama da miliyan 20. Masana kimiyya suna ƙiyasta ƙwayoyin zarra da ke cikin duk sararin samaniyar da ake iya hangowa da adadi mai lambobi kamar 80. Lambobi tamanin, ba miliyan tamanin ba. Saboda haka wanda ya ce a rumfarku babu mai iya gwada rabawar ya yi gaskiya ɗari bisa ɗari. Ko duk kwamfutocin duniya aka haɗa ba za su ko kama hanya ba. Ba ta nan aka bi ba.

Abu na farko da ke rage aiki: in muka kira yawan 2 ɗin da ke cikin ninkawar p, to 2^p − 1 ba zai zama mara rabuwa ba sai p ita kanta ba ta rabuwa. Dubi 2^6 − 1, wato 63. Tunda 2 da 3 suna raba 6, to 2^2 − 1 da 2^3 − 1, wato 3 da 7, suna raba 63. Kullum haka ne. Shahararren adadin nan na labarin hatsi a kan allon dara mai gida 64, inda ake ninka ƙwaya daga gida zuwa gida, jimillarsa 2^64 − 1 ce, wato 18,446,744,073,709,551,615, kuma tun kafin ka taɓa biro ka san 3 da 15 da 255 suna raba shi, don 2 da 4 da 8 suna raba 64. To 136,279,841 ba ta rabuwa, wannan ƙaramin aiki ne ga kwamfuta.

Sai dai wannan sharaɗi bai wadatar ba. 2, 3, 5, 7 suna ba da 3, 7, 31, 127, duka marasa rabuwa, har mutum ya fara sakin jiki. Yana zuwa 11 sai ya ci tuntuɓe: 2^11 − 1 shi ne 2,047, kuma 23 sau 89 ne. Mafi yawan lokuta ma tuntuɓen ake ci. A cikin miliyoyin p marasa rabuwa da aka gwada, 52 kacal suka haifar da adadi mara rabuwa, kuma namu ne na 52 da aka sani.

Ana jingina waɗannan adadai ga Marin Mersenne, wani malamin coci Bafaranshe da ya rayu daga 1588 zuwa 1648. A 1644 ya fitar da jerin p da ya ce su ne masu aiki har zuwa 257: 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127, 257. Ya yi kuskure a kan 67 da 257, ya kuma tsallake 61 da 89 da 107. Ban ga laifinsa ba, mutumin da ke aiki da gashin tsuntsu da tawada. An ɗauki kusan shekara ɗari uku kafin a gama tace jerin nasa. Leonhard Euler ne ya tabbatar da 2^31 − 1, wato 2,147,483,647, a 1772.

Akwai kuma wata dabara da aka sani tun zamanin Pierre de Fermat: duk abin da zai raba 2^p − 1, in p mara rabuwa ce kuma wutiri, dole ya zama ninkin 2p ne da ɗori ɗaya. Duba 2,047: 2p ita ce 22, sai ga 23 wato 22 da 1, ga kuma 89 wato 88 da 1. A namu adadin, 2p ita ce 272,559,682, don haka babu ma amfanin gwada duk abin da bai kai 272,559,683 ba. Da wannan ake fara tankaɗe, a zubar da waɗanda ke da ƙaramin mai raba su, kafin a kashe wuta a kan babban gwaji.

Babban gwajin Édouard Lucas ne ya assasa shi a Faransa a 1876, Derrick Lehmer ya kammala shi a Amurka a 1930. A ganina yana cikin abubuwa mafi ban sha'awa a ilimin lissafi, don ɗan aji uku na ƙaramar sakandare zai iya yin sa. Ka fara da 4. Ka ninka ta da kanta, ka ɗebe 2. Idan amsar ta kai adadin da kake gwadawa, ka raba ka riƙe saura kawai. Ka maimaita sau p − 2. In ka ƙare a kan sifili, adadin ba ya rabuwa. In ka ƙare a kan wani abu daban, yana rabuwa. Babu tsaka-tsaki, babu wataƙila, kuma an kafa hujjar hakan ta kowane ɓangare.

Mu gwada da 127, inda p take 7, matakai biyar ke nan. 4 sau 4, 16, a ɗebe 2, 14. 14 sau 14, 196, a ɗebe 2, 194, a fitar da 127, saura 67. 67 sau 67, 4,489, a ɗebe 2, 4,487. 127 sau 35 ya ba da 4,445, saura 42. 42 sau 42, 1,764, a ɗebe 2, 1,762. 127 sau 13 ya ba da 1,651, saura 111. Mataki na biyar: 111 sau 111, 12,321, a ɗebe 2, 12,319. Ka ninka 127 da 97 ka gani: 12,319 cif. Saura sifili. 127 ba ta rabuwa, kuma ba mu gwada raba ta da komai ba.

Yanzu 2,047, matakai tara. Saurarrakin su ne 14, 194, 788, 701, 119, 1,877, 240, 282, sai na ƙarshe 1,736. Ba sifili ba ne, don haka yana rabuwa. Lura da abin da gwajin bai yi ba: bai ambaci 23 ba, bai ambaci 89 ba. Ya ce akwai mai raba shi, bai faɗi ko wane ne ba. Wannan ne ɗalibaina suka fi jinkirin yarda da shi, domin hankali yana so a nuna masa ɓarawo kafin ya yarda an yi sata. Amma haka abin yake, kuma tarihi ya nuna shi ƙarara. Lucas ya nuna tun 1876 cewa 2^67 − 1 yana rabuwa, ba tare da ya san da me ba. Sai a 1903 Frank Nelson Cole ya tsaya gaban taron masana lissafi a New York, ya fitar da adadin a gefe ɗaya na allo, 147,573,952,589,676,412,927, ya ninka 193,707,721 da 761,838,257,287 a ɗaya gefen, amsoshin suka zo ɗaya. Shekara 27 tsakanin sanin cewa akwai da sanin ko wane ne.

Shi Lucas ɗin da hannu ya tabbatar da 2^127 − 1, mai lambobi 39, kuma ya riƙe kambun shekara 75, har kwamfuta ta shigo. A 1952 kaɗai Raphael Robinson ya gano sababbi biyar da na'urar SWAC a Los Angeles, mafi girmansu 2^2,281 − 1.

Ga namu adadin matakan su ne 136,279,839. Da yawa, amma abu ne mai iyaka, ba kamar gwajin rabawa ba. Wahalar tana cikin kowane mataki, domin ana ninka adadi mai lambobi miliyan 41 da kansa. Da za a bi hanyar makaranta, kowace lamba ta gaisa da kowace lamba, mataki ɗaya zai ci ƙananan ninkawa sama da tiriliyan dubu ɗaya da ɗari shida. Abubuwa biyu suka ceci aikin. Na ɗaya, hanyar ninkawa mai sauri da ake kira FFT, wadda ke sarrafa jerin lambobi kamar yadda ake sarrafa sauti, ta rage aikin ƙwarai. Na biyu, fitar da saura a nan kusan kyauta ne. Kwamfuta da 0 da 1 take ƙirga, kuma a rubutunta 2^p − 1 jerin 1 ne zalla: 7 ita ce 111, 31 ita ce 11111, namu kuma 1 ce sau 136,279,841 a jere. Matsayinsa a wurinta irin matsayin 999 ne a wurinmu. In kana son saurar 37,634 a kan 999, ba sai ka yi doguwar rabawa ba, ka yanka shi uku-uku daga dama ka tara: 37 da 634, 671. Gwada ka gani. Haka kwamfuta ke yi, ta yanka ta tara. Wannan ne dalilin da ya sa kusan kullum mai riƙe da kambun girma ɗan gidan Mersenne ne. Ba wai sun fi sauran marasa rabuwa yawa ba ne, su ne dai aka fi iya gwadawa.

Kana iya cewa, to in na'urar ta yi kuskure fa? Tambaya ce mai kyau, kuma su ma masu aikin ba su yarda da na'ura ɗaya ba. Yanzu GIMPS tana fara wa da wani gwaji na Fermat mai nuna cewa kusan tabbas adadin ba ya rabuwa, sannan a bi da na Lucas da Lehmer. Na Durant an sake gwada shi da manhajoji daban-daban a kan na'urori iri daban-daban a hannun mutane daban-daban kafin a sanar. Sannan ka tuna amsar da ake nema sifili ce a cikin saurarraki masu yawan adadin kansa. Kuskure na iya sa a rasa sifilin da ke nan, amma ya ƙirƙiro sifili a na'urori da yawa lokaci guda, wannan ba abin da ke faruwa ba ne.

Gyara ɗaya da nake so ka kai rumfa: wannan shi ne mafi girma da aka sani lokacin da aka sanar da shi, ba mafi girma da ke akwai ba. Babu mafi girma. Yuklid ya nuna haka a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A ce ka tattara dukan marasa rabuwa, ka ninka su gaba ɗaya, ka ƙara 1. Babu ɗaya a cikinsu da zai raba sabon adadin, kowanne zai bar saura 1. To ko dai sabon ba ya rabuwa, ko kuma akwai mai raba shi da ba ya cikin jerinka. Misali, 2×3×5×7×11×13 + 1 ya ba da 30,031, wanda yake 59 sau 509, ga baƙi biyu da ba a gayyata ba. Pafnuty Chebyshev na Rasha ma ya ƙara da cewa tsakanin kowane adadi da ya wuce 1 da ninkinsa biyu akwai mara rabuwa. Ka ga tsakanin ƙatonmu da ninkinsa akwai wani, sunansa ne ba a kama ba. Abin da har yau masana ba su kafa hujjarsa ba shi ne ko 'yan gidan Mersenne su ma ba su da iyaka. Hatta kiran sa na 52 na wucin gadi ne, don lokacin sanarwar ba a gama tantance duk p da ke ƙasa da shi ba. An taɓa yin haka: an gano na 43,112,609 a 2008, sai a 2009 aka tsinto na 42,643,801 da aka tsallake.

Kowane ɗayansu kuma yana zuwa da ɗan rakiya. Akwai adadin da ake kira kammalalle, wanda in ka tara duk masu raba shi ban da shi kansa, shi za ka sake samu: 6 ita ce 1+2+3, 28 ita ce 1+2+4+7+14, sai 496, sai 8,128. Yuklid ya nuna cewa in 2^p − 1 ba ya rabuwa, ka ninka shi da 2^(p−1), kammalalle zai fito: 3 sau 2, 7 sau 4, 31 sau 16, 127 sau 64. Ibn al-Haisam, haifaffen Basra da ya yi zamansa a Alƙahira, ya yi ƙoƙarin nuna cewa duk kammalallen da yake shafa'i ta wannan hanyar yake zuwa, Euler ne ya cike hujjar a ƙarni na 18. Don haka ganowar Durant ta zo da sabon kammalalle mai lambobi 82,048,640. Kammalalle wutiri kuwa ba a taɓa samun ko ɗaya ba, ba a kuma nuna cewa babu ba. An dai tabbatar cewa in yana nan ya wuce 10^1500.

Sai maganar banki. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, shi ya sa take yaɗuwa. Tsarin ɓoye bayanai na RSA, wanda aka fitar a 1977, kuma yana cikin abin da katin ATM mai guntun ƙarfe ke amfani da shi wajen shaida wa na'urarka cewa ba jabu ba ne, ya dogara ne a kan marasa rabuwa guda biyu da ake ninkawa. Ninkawar sauƙi gare ta, warware ta kuma ga wanda bai san su ba wahalar Cole ce, a ninke ba adadi. Amma makullin da aka fi amfani da shi a intanet lambobi 617 ne, kowane ɗaya daga cikin biyun kamar 309, kuma kwamfuta tana samo irinsu cikin ƙiftawar ido. Ƙarfinsu a ɓoyuwarsu yake. Adadin da aka buga a jaridun duniya, kowa na iya sauke shi, shi ne mafi munin abin da za a yi makulli da shi.

In ka tambaye ni amfanin wannan ƙaton shi kansa a yau, zan ce maka babu, kuma ban ga abin kunya a faɗin haka ba. Masu ƙoƙarin liƙa masa amfani na dole su ne ke sa mutane su raina aikin. Ƙannensa dai suna aiki. 2^19,937 − 1 shi ne ƙashin bayan wata hanyar fitar da adadin kan-mai-uwa-da-wabi da wasu Japanawa biyu, Makoto Matsumoto da Takuji Nishimura, suka ƙirƙiro a 1997, wadda manhajar Python ke amfani da ita har yau. 2,147,483,647 na Euler kuwa shi ne iyakar abin da tsofaffin tsare-tsaren kwamfuta masu yawa ke iya ƙirgawa, kuma agogon da ke ƙirga daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairu, 1970 da wannan ma'auni zai cika ranar 19 ga Janairu, 2038, abin da ya sa ake ta sauya su tun yanzu. Farautar kanta ma ta yi rana. Manhajar Prime95 tana gasa wa kwamfuta aya a hannu har masu haɗa na'urori suka mai da ita abin gwajin ƙarfi, kuma da ita aka bankaɗo wata matsala a na'urorin Skylake na Intel a farkon 2016. Kafin nan, a 1994, wani farfesa mai suna Thomas Nicely yana bincike a kan marasa rabuwa ya gano cewa na'urar Pentium ta Intel tana kuskure a wasu rabe-rabe, abin da ya ci wa kamfanin dala miliyan 475.

Wanda yake sha'awar shiga, ƙofa a buɗe take. Manhajar kyauta ce, za a ba ka p ɗinka, na'urarka ta yi ta aiki, tana kuma adana inda ta tsaya lokaci-lokaci, don haka ɗauke wuta ba ya mai da kai farko. Amma a yi lissafi tukuna. Gwajin p ɗaya mai wannan girman yana cin makonni a kwamfutar gida, tana aiki ba dare ba rana, tana zafi, mafi yawansu kuma amsarsu "yana rabuwa" ce. Durant hayar dubban na'urori ya yi a cibiyoyin ajiyar bayanai na ƙasashe 17, kuma rahotanni sun ce ya kashe kimanin dala miliyan 2, alhali tukuicin GIMPS dala 3,000 ne. Babbar kyauta ta gaba ita ce dala 150,000 da wata ƙungiyar Amurka mai suna EFF ta ajiye wa wanda ya fara gano mara rabuwa mai lambobi miliyan 100, wanda ke buƙatar p ta haura miliyan 332, gwajinta kuma ya fi wannan tsawo nesa ba kusa ba. Ga ɗalibi mai kwamfuta a inda wuta ke zama, ko mai sola da rana ke masa rara, babu laifi ya karɓi ƙananan ayyukan tankaɗe da ke ƙarewa cikin sa'o'i, zai koyi abubuwa. Amma kada kowa ya tayar da janareta a Legas da fetur ɗin aljihunsa don wannan.